Yadda za ka zaɓi na'urar GPS ko manhajar waya kafin ka shiga daji farauta

Makuwa ba ta sallama. Karnuka sun taso gada kana biye da su, ka tsallake korama ɗaya ka tsallake ta biyu, kafin ka ɗago kai hazo ya rufe dutsen da kake saiti da shi tun safe, itatuwan marke duk sun koma iri ɗaya, gabas ta zame maka yamma. Ko ɗan Sarkin Baka ne kai, in aka ɗebe ku a motar kanta aka sauke ku a dajin da ba a can aka yanke maka cibiya ba, to hakan na iya samunka. Shi ya sa yanzu matasan mafarauta ke ta tambaya, shin Garmin, wato na'urar GPS ta hannu mai nuna wa mutum inda yake, za su saya ko akwai wata manhaja da za su sa a waya. Ni amsata kullum ita ce kar ka fara da saye. Yawancinmu wayar da ke aljihunmu ta ishe mu, in dai an shirya ta tun daga gida, kuma abin da ke kayar da mutum a daji ba sunan kamfani ba ne, caji ne da zafin rana da rashin iya taɓa abin lokacin da hankali ya tashi. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: ka fara duba irin farautar da kake yi

Mai fita bayan asuba da karnuka ya dawo kafin magariba, a dajin da bai wuce tafiyar awa biyu ko uku daga titi ba, wannan waya kawai yake buƙata da ɗan pawa bank, magana ta ƙare. Mai shiga ya kafa sansani ya kwana uku ko sati, ba wuta ba janareta, shi ne ya kamata ya fara tunanin na'ura ta musamman mai cin batirin yatsa. Sannan ka duba dajin kansa. Filin Allah mai ciyawa da ƙirare daban, kurmi mai duhu ko ƙasar duwatsu da kwazazzabai irin ta kudancin Bauci da Taraba daban, don a irin wannan wurin ne waya mai arha take fara rawa. Sai kuma tambaya ta ƙarshe, kai kaɗai ne ko tawaga? In ku talatin ne a mota ba sai kowa ya riƙe na'ura ba, amma duk rukunin da zai ware ya yi nasa ɓangaren lallai a samu mutum biyu masu ita a ciki, ba ɗaya ba.

Mataki na 2: gwada wayarka, ka san me za ta iya

Mutane da yawa sun ɗauka in babu sabis to babu GPS. Ba haka ba ne sam. Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar Amurka ne, sun kai wajen 30, suna yawo a sama da nisan kimanin kilomita 20,000, kullum suna watso sigina ƙasa kyauta. Wayarka sauraro kawai take yi, ba ta tura musu komai, kuma in ta jiyo guda 4 ta riga ta lissafa inda kake. Banda na Amurka akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin, kuma wayoyin yanzu da yawa suna haɗa biyu ko uku a lokaci guda. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin shuɗin ɗigon nan. In ba ka sauke ta ba, za ka ga ɗigo yana yawo a kan farin fili, wayar ta san inda kake amma ba ta da abin da za ta nuna maka.

Toh ga gwajin. Ka sauke wata ƙaramar manhaja mai suna GPSTest a Play Store, kyauta ce. Ka sa wayar a filait mod, ka kunna lokeshan, ka fita tsakar gida ko filin ƙwallo inda kake ganin sama sosai, ka buɗe ta. Za ka ga jerin taurari da tutocin ƙasashensu suna fitowa. Ka lura da abu biyu, minti nawa ta ɗauka kafin ta kama, sannan kuskuren mita nawa take nunawa. Waya mai lafiya a buɗaɗɗen fili tana sauka wajen mita 5, wani lokacin ƙasa da haka. In ta daɗe ba ta kama ba a karon farko kar ka yanke mata hukunci, idan ba intanet dole sai ta tsaya ta karɓi bayanan taurarin daga sama a hankali, yana iya cin mintuna. Amma in ta yi kwata tana lalube, ko tana tsalle daga mita 10 zuwa 60 kana tsaye wuri ɗaya, wannan ba wayar shiga daji ba ce. Daga nan ka matsa ƙarƙashin tsamiya mai duhu ko jikin doguwar katanga ka sake dubawa, don ka ga yadda lambar ke lalacewa, haka za ta yi maka a kurmi ko gindin dutse. Hazo da gajimare kam ba su cika damunta ba.

Abu na biyu shi ne kamfas. Ƙananan wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba a sa musu shi ba ko kaɗan. Ka tsaya cak ka juya jikinka a hankali, in kibiyar da ke taswira ta juya tare da kai to akwai, in ta tsaya ƙyam babu. Rashinsa ba ya hana aiki, sai dai kibiyar ba za ta san inda ka fuskanta ba sai ka yi taku goma ko ashirin. Wanda kuma tasa take da shi, ya riƙa nesanta ta da bakin bindiga da adda da jikin mota lokacin dubawa, ƙarfe yana karkatar da shi.

Mataki na 3: zaɓen manhaja

Nan ne ake yawan asarar data da kuɗi. In ka shiga YouTube za ka ga Turawa suna ta yabon onX Hunt da HuntStand, kuma da gaskiyarsu, don a Amurka matsalar maharbi ita ce sanin ina filin gwamnati ya tsaya ina gonar wani ta fara, waɗannan manhajojin kuma aikinsu kenan, har sunan mai fili suke nunawa. Mu nan wannan bayanin babu shi a ciki, za ka biya dala ne a banza. Ka wuce su.

Google Maps kuwa kowa na da ita, tana bari ka sauke yanki ka ajiye, kuma ta isa ta kai ku ƙauyen ƙarshe a mota. Daga bakin daji ne take gazawa, domin abin da take ajiyewa tituna ne ba hoton sama ba, wato hoton ƙasa da aka ɗauko daga sama, kuma ba ta zana maka sawunka ka biyo shi ka dawo. Ka bar ta a waya amma kar ka jingina da ita.

Abin da kake nema a manhaja guda huɗu ne, ta yi aiki ba data gaba ɗaya, ta bari ka dasa alama ka sa mata suna, ta yi rikodin sawunka ko sikirin na kashe, kuma ta iya fitar da shi a fayil ɗin GPX da za ka tura wa wani. Duk sauran kwalliya ce.

Organic Maps ita ce mafi sauƙi, kyauta ce, ba talla, ba rajista, taswirarta daga OpenStreetMap take, ka sauke yankinka shi ke nan. In za ka saita wa wani dattijo ko wanda turanci bai dame shi ba, ita zan ce ka sa masa. Matsalarta ba ta da hoton sama. OsmAnd ma daga OpenStreetMap take ɗebowa amma ta fi zurfi nesa ba kusa ba, za ka iya saita duk bayan daƙiƙa nawa za ta ɗiga sawu, ka canza tsarin lambobi, ka ɗora wasu taswirori a kai. Ta kyautar tana ba ka damar sauke taswira 7, layukan da ke nuna tudu da kwari kuma sai ka biya. Setin ɗinta yana da yawa har ya kan gundiri mutum a ranar farko, amma in ka jure sati guda ba za ka so wata ba. AlpineQuest da Locus Map na masu Android ne da ke son ajiye hoton sama, kowacce akwai ta gwaji akwai ta kuɗi. Gaia GPS tana da kyau amma sauke taswira sai da biyan shekara.

Me ya sa nake ta nanata hoton sama? Saboda OpenStreetMap mutane ne 'yan sa kai suke zana ta, cikin Kano ko Kaduna ta cika maƙil, amma ka matsa cikin daji sai ka ga fili fetal, wataƙila layin kogi ɗaya da sunan ƙauye biyu. A hoton sama kuwa za ka ga farin yashin rafi yana lanƙwasa, ka ga duhun itatuwa a bakin fadama, ka ga burtali da hanyar masu itace, har tsohon mashekarin Fulani za ka gane, ga da'irar shingen nan a fili. Sai dai ka tuna hoton na iya zama na shekarun baya, kuma wataƙila da damina aka ɗauka kai kuma da rani za ka shiga. Tafkin da ka gani cike yana iya zama busasshiyar laka, saboda haka kar ka rage ruwan gorarka don ka ga shuɗi a waya.

Ni dai shawarata biyu za ka sa, OsmAnd ko Organic Maps a matsayin ta kullum, da ɗaya mai hoton sama. Fiye da haka ruɗani ne.

Mataki na 4: sauke taswira tun kana gari

Kar ka ce sai kun isa ƙauye. Ka yi shi a gida da daddare lokacin da netwok ke da ƙarfi, ka duba kana da sarari a waya ko memori. Hoton sama yana da nauyi, don haka ka zana akwati a kan inda za ku yi farautar ka ƙara kamar kilomita 10 ta kowane gefe, don nama ba ya bin akwatinka, wannan ka sauke shi da zurfi yadda za ka iya zuƙowa ka ga itace ɗaya-ɗaya. Sannan ka zana babban akwati da ya haɗo titin kwalta mafi kusa da garuruwan kewaye, shi kuma sama-sama ya isa. Da ka gama ka kashe data, ka rufe manhajar gaba ɗaya, ka sake buɗewa ka zuƙo kusurwa huɗu na akwatin. Inda ka ga ya yi dishi-dishi ko fari, bai sauka ba, ka maimaita.

Kuma kar ka ce ai wurin akwai sabis. A watan Satumba na 2021 an kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko ba wannan ba, injin eriya ɗaya ya ƙare da mai, yanki guda ya yi shiru.

Mataki na 5: caji da zafi, wanda shi ne ainihin maganar

Ba GPS ne ya fi shan caji ba. Sikirin ne, sai kuma wayar da ke ta wahalar neman sabis a inda babu. Don haka da kun sauka daga mota ka sa filait mod, ka tabbatar lokeshan na kunne, ka kashe bulutut, ka rage haske iya yadda za ka iya gani, ka mai da ita aljihu. Duba ta lokaci-lokaci, ba ka riƙe ta a hannu kana kallo kamar mai cat ba. A OsmAnd ka sa ta ɗiga sawu duk daƙiƙa 10 ko 15, mai tafiya a ƙasa ba ya buƙatar fiye da haka.

Akwai wani tarko da ke kama kusan kowa. Wayoyin Android, musamman irin namu na Tecno da Infinix da itel, suna da tsarin tattalin batir da ke kashe manhajar da ke aiki a ɓoye in sikirin ya daɗe a kashe. Sai ka yi tafiyar awa uku ka ciro waya ka tarar sawun ya tsaya tun minti goma na farko, daga nan sai wani miƙaƙƙen layi da ya tsallako zuwa inda kake, wanda ba ya nuna komai. Maganinsa ka shiga setin, wajen batir, ka nemo manhajar ka cire mata duk wani takunkumi, ka ba ta izinin lokeshan na kowane lokaci in ta nema, sannan a jerin manhajojin da ke buɗe ka danna mata ɗan kwaɗon nan don kar mai share-share ya tafi da ita.

Pawa bank kuma kar lambar jikinsa ta ruɗe ka. Mai 20,000 na gaske zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu da ɗoriya ne, ba sau huɗu ba, saboda wani kaso yana tafiya a zafi wajen juya wutar. Na jabu kuma sun cika kasuwa, ka gwada shi a gida ka ƙirga da kanka. Igiyar caji ka ɗauki biyu, gajeru.

Sai zafi. Kamfanonin waya da kansu suna cewa a yi amfani da ita a ƙasa da digiri 35, mu kuwa a Maris da Afrilu, daidai lokacin da farauta ta kankama, ana wuce 40 a inuwa. Waya in ta yi zafi tana dusashe sikirin da kanta, ta ƙi karɓar caji, wata ma ta mutu sai ta huce. Kar ka bar ta a gaban mota, kar ka sa ta a aljihun da rana ke duka, ka cusa ta tsakiyar jaka cikin tsumma, caji kuma ka bari sai dare ko a inuwa lokacin hutu. Ƙura ma tana toshe ramin caji, 'yar leda mai zif ta wadatar. Ka ɗaura mata igiya a jikin riga ko bel, don gudu cikin sarƙaƙiya ya raba mutane da yawa da wayoyinsu.

Mataki na 6: in lallai sai ka sayi na'ura

Abin da kake saya a na'urar hannu ba wai ta fi waya sanin hanya ba ne. Kana sayen maɓallai da za ka danna da hannu mai gumi, da sikirin da ake gani a tsakar rana, da jiki mai jure faɗuwa da ruwa, uwa uba batirin da za ka cire ka sa wani a cikin minti ɗaya.

A ɓangaren Garmin, eTrex 22x da 32x suna cin batirin yatsa guda 2, kamfanin ya ce suna kai awa 25, sikirin mai kala ne ɗan ƙarami kuma suna karɓar memori. Bambancinsu 32x tana da kamfas na ciki da ma'aunin tsayi, 22x babu, sai ka motsa kibiyarta ke daidaita. Akwai eTrex SE da ta fito a 2023, baƙi da fari ce, ba ta da taswira ta a zo a gani, amma batir biyu na iya kai ta awa 168, wato sati guda cur, kuma a Amurka wajen dala 150 aka fara sayar da ita. Ga mai dogon zango wanda buƙatarsa kawai a mai da shi mota ko sansani, ni ita na fi so, waya ta riƙe hoton sama ita kuma ta riƙe sawu. GPSMAP 67 babba ce mai ƙarfin kamu a kurmi, sai dai batirinta a ciki yake kamar na waya kuma kuɗinta ba na wasa ba ne.

In ta hannu za ka saya, irin waɗanda masu awon fili ke saki ko 'yan kwatano, ka je da batirinka. Buɗe bayanta ka duba wajen batir ko akwai farin gari ko tsatsa, alamar wani batir ya taɓa fashewa a ciki kenan. Duba robar gefe ko ta fara ɓarewa, danna kowane maɓalli. Sannan ka fito da ita waje daga rumfar, ka tsaya har sai ta kama taurari a gabanka, in mai kaya ya ce ai sai an je gida, ka ajiye masa abinsa. Na'urar da aka kawo daga wata nahiya takan ɗan jima a kamun farko, wannan ba aibi ba ne. Ka kuma duba taswirar da ke ciki, wadda aka sayo a Amurka taswirar can ce a cikinta, akwai mai ta Afirka daban, ko kuma a sa maka ta OpenStreetMap a memori. Batir kuma ka sayi alkalin mai kyau ko masu caji, irin na rediyo mai arhar nan ba ya daɗewa a cikinta.

Akwai kuma inReach Mini 2, ita ma ta Garmin, mai tura saƙo ta taurarin kamfanin Iridium ko babu sabis. Sai ka biya kuɗin wata-wata da dala, kuma maɓallin neman agajinta wata cibiya yake kira a Amurka su kuma su nemi hukumomin ƙasarka, don haka kar ka sa rai da jirgi mai saukar ungulu. Amfaninta na gaske shi ne ka rubuta wa ɗan'uwanka a gida ga inda muke, a turo babur. Kafin ka saya ka tambayi jami'an tsaron yankinku, don kayan sadarwa na tauraro abu ne da ake sa wa ido, a 2013 sojoji sun taɓa hana amfani da wayar tauraro ta Thuraya a Borno. Haka ma oba-oba, ka tambaya kafin ka saya.

Mataki na 7: ku daidaita lambobi a tsakaninku

Wannan ƙaramin abu ne mai babbar ɓarna. Ana rubuta wuri ɗaya ta hanyoyi daban-daban, wani da digiri da ɗigo, wani da digiri da minti. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, kuma minti 60 ne a cikinsa. Ka ɗauka abokinka ya karanto maka sha ɗaya da talatin, shi yana nufin digiri 11 da minti 30, wato 11.5, kai kuma ka rubuta 11.30. Tazarar da ke tsakani ta kai kilomita 22. Kana can kana nemansa a wani daji shi yana wani.

Saboda haka tun a gida kowa ya sa nasa a digiri da ɗigo, lamba biyar bayan ɗigon, wannan ya kai ka kusan mita ɗaya. Lambar arewa ake fara faɗa sannan ta gabas. Don ka riƙa gane kuskure da ido, Kano tana wajen 12.0 arewa da 8.5 gabas, in ka ga an juya su to wani ya yi tuntuɓe. A Garmin akwai wajen da ake zaɓen ma'aunin taswira, ka bar shi a WGS 84, shi waya ke amfani da shi. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, in ka kwafo lamba daga can za ka ga ta goce da gomman mitoci.

Mataki na 8: atisaye a unguwa

Dasa alama a ƙofar gidanku ka sa mata suna. Filait mod, kunna rikodin, waya a aljihu, ka yi tafiyar rabin awa kana shiga lunguna. Ciro ta ka duba ko sawun ya fito ba yankewa, ka duba kashi nawa na caji ya tafi, da wannan za ka lissafa na wuni guda. Sannan ka ce ta mai da kai gida. Ka sake yi a bayan gari cikin gonaki, ka sake yi da daddare. Ka tura wa abokinka fayil ɗin ta Xender ko bulutut ya buɗe a tasa, don ku tabbatar kun iya ba tare da data ba. Wanda bai yi wannan ba, ranar da ya ɓace hannunsa na rawa ba zai gano maɓallin ba.

Mataki na 9: ranar fita

Kafin a saki karnuka, a tsaya a jikin mota kowa ya dasa alama, a jira lambar kuskure ta sauka tukun. A rubuta lambobin a takarda da biro kowa ya sa a aljihu, a tura wa wani a gida ta tes tun akwai sabis, tare da ranar da ake sa ran dawowa. Tes yakan fita da sanda ɗaya a inda WhatsApp ba zai motsa ba, don haka in ka hau tudu ka ga sabis ya leƙo, nan ma ka dasa alama ka rubuta mata sabis, wata rana za ta yi maka rana. Kana tafiya kana ƙara wasu, mashaya, mararraba, inda aka tsallake kwazazzabo, rugar da kuka gaisa da mutane. Sunaye gajeru da za ka gane, ba lamba 001 da 002 ba.

Wajen dawowa ka kula, in ka ce wa manhajar ko na'urar ta kai ka mota miƙaƙƙen layi za ta ja, ba ruwanta da cewa akwai rami mai zurfin gaba biyu a tsakani. In yamma ta yi ko ka gaji, bi sawunka na zuwa ko da ya fi tsawo, a Garmin sunan wannan aikin TracBack. Kuma ɗan kamfas na roba mai allura ya zauna a jaka, tun a mota ka san in komai ya mutu wace kusurwa za ka miƙe ka faɗa titi.

Sai maganar iyaka. An hana farauta a gandun daji na ƙasa irin su Gashaka Gumti da Kamuku da na tafkin Kainji, haka Yankari a Bauci da Falgore a Kano wurare ne masu kariya, a Nijar ma ga gandun W. Manhaja za ta nuna maka su da kore, amma layin ba lallai ya zauna daidai da na hukuma ba, kuma cewa waya ce ta nuna min ba zai fisshe ka a hannun ma'aikatan gandu ba. Ka tambayi malamin daji na yankin, ka bar tazara mai kyau tsakaninka da layin.

Abin da kuma babu taswirar da za ta gaya maka shi ne wa ke cikin dajin a wannan satin. Hoton sama zai nuna maka hanya lafiya lau alhali sansanin 'yan bindiga na bakinta. Wannan labarin a wajen mai gari da maharban wurin da 'yan banga yake, ku sauka ku gaishe su, ku faɗi ko ku su waye, in sun ce kar a bi ta gabas to an rufe gabas. Katin ƙungiya da takardar bindiga su kasance a jiki, musamman masu doguwar tafiya zuwa kudu, kowa ya san yadda aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025. Wayar ma ka sa mata makulli, kuma in za ka ɗora hoton nama a Facebook ko TikTok kar ka haɗa da hoton taswira mai nuna sansaninku.

Da kun dawo, kafin gajiya ta sa ka manta, ka tsayar da rikodin ka sa wa sawun sunan dajin da wata da shekara, ka goge alamomin da ba su da amfani, ka gyara sunayen sauran. Fitar da GPX ɗin ka ajiye kwafi a memori, ka tura wa mutum ɗaya amintacce a tawaga, don in wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta aikin bai tafi ba. Garmin kuma ka cire mata batir kafin ka jefa ta a akwati, in ya kwana a ciki har damina ta wuce zai iya zubewa ya cinye ƙarafunan.